Kawu mai makullai ya tafi, ku zo mu tuna shi yadda yake

Ƙanwarsa:
Assalamu alaikum jama'a. Yau kwana goma sha ɗaya da rasuwar yayana, wanda kowa a layinmu yake kira Kawu, har waɗanda suka girme shi. Na ga saƙonninku tun ranar, ban iya amsawa ba ne, in na ɗauki waya sai hannuna ya kama rawa. Na gode, Allah ya bar zumunci. Ya rasu yana da shekara 54, cikin barci, Mama tana gefensa.

Dalilin buɗe wannan maganar shi ne ina so in tattara labaransa in rubuta wa 'ya'yana, don autana ba zai tuna shi ba. Duk mai abin da ya tuna ya rubuto, mai daɗi ko mara daɗi.

Maƙwabcin bango:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri, Hajiya. Bari in fara da makullai, tunda da su aka san shi. Kusan shekara ashirin makullin ajiyar gidana yana rataye a wuyan Kawu, cikin wannan igiyar tasa mai makullai sun fi talatin. Babu rubutu a jikin ko ɗaya, don ba ya karatu. Da yatsa yake gane su. Wani dare na dawo daga tafiya wajen ƙarfe ɗaya, na laluba aljihu babu makulli, iyalina ba sa nan. Na buga ƙofarku cikin kunya. Ya fito ido a rufe, ya shafa igiyar, ya zaro nawa a cikin duhu, ya miƙo mini, ya ce gobe in dawo masa da shi kafin rana ta yi zafi. Da na makara kuwa ya zo har gida ya karɓa, fuska a murtuke.

Tsohuwar ɗaliba:
Wayyo Kawu! Shi ya tsallakar da ni titi tun daga aji ɗaya har na gama firamare, ya kuma tsallakar da 'yata. Yana ɗaga hannu motoci su tsaya kamar sun ga ɗan sanda. Ya san sunan kowane yaro da sunan uwarsa. Bawan Allah, yaro ne a jikin babba, ba ya fushi, ba shi da damuwa, kullum murmushi. Irinsu ba 'yan duniyar nan ba ne.

Mai gyaran lantarki:
Gaskiya ne Anti. Zuciyar jariri gare shi. Allah ya sa ya huta.

Ƙanwarsa:
Na gode ƙwarai, na kuma san da alheri kuka faɗa. Amma ku yi haƙuri, wannan maganar ta "yaro a jikin babba" tun ranar rasuwar nake jin ta, tana ci mini rai. Yayana ba yaro ba ne. Ya rasu da furfura a gemu. Yana fushi, fushi mai tsanani ma. Akwai lokacin da na kai rediyonsa gyara ban tambaye shi ba, wata uku cur bai amsa gaisuwata ba. In na shigo ɗaki sai ya juya wa ƙofa baya. Da Baba ya rasu, ya fi shekara yana zama a bakin ƙofa da yamma yana jiran dawowarsa, ba don bai gane mutuwa ba, ya gane, shi ya gaya mini da bakinsa cewa Baba ba zai dawo ba. Zaman ne kawai yake rage masa zafi. Murmushin da kuke gani a titi gaskiya ne, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Dattijon layi:
'Yata, ki sassauta. Yabo suke yi, ba raini ba. Mutum in ya rasu da kyawawan halayensa ake tuna shi. Kuma a fahimtata, wanda hankalinsa bai kai na sauran mutane ba, akwai sauƙin da Ubangiji ya yi masa. Abin da suke nufi ke nan.

Ƙanwarsa:
Baba, na ji, kuma ban musa ba. Abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa ba ni da ta cewa a ciki, fata nagari nake yi masa. Tsakaninsa da mu nake magana. Don an ɗauke shi yaro ne ya sa ba a taɓa tambayarsa ra'ayinsa ba, har a cikin gidanmu. Ni ma da nake wannan surutun, ai ni ce na ɗauke rediyon.

Mai farar sanda:
Hajiya, Allah ya saka miki. Ni makaho ne, waya ce take karanta mini abin da kuke rubutawa, kuma tun da aka fara nake ta gyaɗa kai. Shekarata 41, ina da mata da 'ya'ya uku, ina koyarwa, amma har gobe in na je asibiti da ɗana ɗan shekara 12, shi ake tambaya "me ke damunsa?" ina tsaye. Yabon da ke mai da mutum mala'ika da zagin da ke mai da shi wawa, a wajena uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, duka biyun sun fitar da kai daga sahun mutane. Baba Dattijo, ka fi ni sanin tarihin Abdullahi ɗan Ummu Maktum. Makaho ne, ladani ne tare da Bilal, kuma Annabi (SAW) ya sha barinsa a Madina ya ja wa mutane salla in zai yi tafiya. Aiki aka ba shi, aka dogara da shi. Maƙwabcin da ya ba Kawu makulli ya fi kusa da wannan fiye da masu shafa masa kai.

Dattijon layi:
Malam, ka kawo hujja mai ƙarfi. Na karɓa. Amma ka bar wa mutane uzuri, ba kowa ya san yadda zai yi magana a kan irin wannan ba.

Direba:
Tunda Hajiya ta ce mai daɗi da mara daɗi, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mu samarin layin a wancan lokacin mun yi wa Kawu abin da bai kamata ba. Mukan kunna masa waƙa mu ce ya yi rawa, mu zagaye shi muna tafi muna sheƙa dariya. Mukan aike shi wuri mai nisa neman abin da babu shi, don kawai mu ga ya dawo yana haki. Wani cikinmu ya taɓa ɓoye masa igiyar makullan. Ranar na ga Kawu yana kuka kamar ransa zai fita, yana cewa amanar mutane ce. Tun daga ranar na daina, amma ban taɓa ba shi haƙuri ba. Na yi ta cewa gobe. Hajiya ki yafe mini a madadinsa.

Mai gyaran lantarki:
Haba Direba, kar ka mai da abin wani babban laifi. Rawar nan shi ma yana so. Ko ba a ce ya yi ba, yana jin kiɗa zai tashi. Da mun ware shi mun daina wasa da shi, ai da ya fi jin ciwo.

Ƙanwarsa:
Yana son rawa, wannan gaskiya ne, ya fi ni iyawa nesa ba kusa ba. Amma bari in gaya muku abin da ba ku sani ba. In ya dawo gida, wata rana yakan ce wa Mama "yau mun yi dariya", wata rana kuma ya ce "yau sun yi mini dariya". Bai taɓa haɗa su ba. Ranar da ya faɗi ta biyun ba ya kunna rediyo, kwanciya yake yi da wuri.

Direba, ba ni da ikon yafewa a madadinsa, amma na san abu ɗaya: kai ne ka kai mu asibiti da tsakar dare bara, ka ƙi tafiya har gari ya waye. Ya riƙe wannan, yana yawan ambatonka.

Mai gyaran lantarki:
Allah sarki. Ban san yana bambancewa ba, wallahi. Na janye maganata.

Ɗan maƙwabta:
Don Allah a yi mini uzuri in tambayar ba ta dace ba. Wai mene ne ainihin lalurarsa? Muna yara an ce mana wani abu mahaifiyarsa ta yi lokacin da take da cikinsa. Wasu kuma suna cewa galahanga.

Ma'aikaciyar jinya:
Tambayar ta dace ƙanina, kuma gara da ka yi ta a fili, don wannan ƙaryar ta daɗe tana cin iyaye mata. Hajiya ta ba ni izini in yi bayani. Kawu yana da abin da likitoci ke kira lalurar Down, sunan wani likita ɗan Ingila, John Langdon Down, wanda ya siffanta ta a 1866. Sai a 1959 masu bincike a Faransa suka gano sanadinta. A cikin kowace ƙwayar halittar jikin mutum akwai ƙunshin gado guda 46, waɗanda ake kira kuromosom, an jera su biyu-biyu. Mai wannan lalura yana da 47, saboda lamba ta 21 ta zo uku maimakon biyu. Tun lokacin da cikin ya shiga abin yake faruwa. Babu abin da uwa ta ci ko ta sha ko ta taka da ya jawo shi. Yiwuwar tana ƙaruwa in shekarun uwa sun ja, amma matasa ma suna haifa, a kowace ƙasa, a gidan mai kuɗi da na talaka. Kusan jariri ɗaya ne cikin dubu a duniya. Saboda wannan lamba ta 21 da ta zo uku ne ma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga watan uku, wato Maris, don tunawa da su, ana yi tun 2012.

Ita kuwa kalmar galahanga, mutane suna ɗora ta a kan lalurori daban-daban da ba su da alaƙa da juna, shi ya sa ba na son amfani da ita in ina bayani. Yaron da ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni wajen haihuwa har jikinsa ya sandare, daban yake da Kawu, kulawarsu ma ba ɗaya ba ce.

Ƙanwarsa:
Mama ta ji wannan maganar ta "wani abu ta yi" daga bakin dangin mijinta tana da shekara 23. Ba ta taɓa mayar wa kowa ba. Likitan da ya fara ganinsa kuma ya ce mata kar ta sa rai zai kai ashirin.

Ma'aikaciyar jinya:
A zamaninsa ba ƙarya ya yi ba, ko da yake akwai yadda ake faɗa wa uwa magana. Kusan rabin jariran da ke da lalurar ana haifarsu da matsalar zuciya, a da kuma ba a yi musu aiki. Ko a Amurka, a 1983 matsakaicin shekarun da suke kaiwa 25 ne. Yanzu ya kai wajen 60, saboda aikin zuciya da maganin cututtukan ƙirji, da kuma daina kulle su a gidajen ajiya nesa da danginsu.

Tsohuwar ɗaliba:
Hajiya ki gafarce ni kan maganata ta farko. To yanzu wace kalma ce daidai? Naƙasasshe ko mai buƙata ta musamman? Ina tsoron in sake yin kuskure.

Mai farar sanda:
Anti, ko a tsakaninmu ba a gama wannan gardamar ba. Wasu suna jin "naƙasasshe" kamar an ce mutum ya tashi daga aiki. Ni kuma "buƙata ta musamman" ce take ba ni dariya, don buƙatata ita ce taki: in yi karatu, in yi aiki, in hau mota ba a ture ni ba. Ki ce mini makaho, ba zan ji komai ba. Ki tambayi mutum abin da yake so a kira shi. Waɗanda dai babu gardama a kansu su ne dolo da gaɓo da taɓaɓɓe, kuma duk na ji an jefi Kawu da su.

Maƙwabcin bango:
Na yi shiru ne tun ɗazu don akwai ƙarshen labarin makullin da ban faɗa ba. Shekara biyu da suka wuce na nemi makullina, ya ba ni na wani. Na mayar, ya sake ba ni wani daban. Sau uku. Na ɗauka wasa yake mini ko taurin kai, ina sauri, na ɗaga masa murya, na zare makullina daga igiyar da hannuna, ban mayar ba. Ya bi ni da ido kawai. Bayan nan wasu ma suka karɓe nasu. Sai daga baya na lura ya daina fitowa tsallakar da yara.

Ƙanwarsa:
Lokacin ne abin ya fara, Alhaji, mu ma ba mu gane ba. Ya fara sa riga a bai-bai, mutumin da ya fi kowa tsafta da tsari. Ya manta hanyar banɗaki a gidan da aka haife shi. Mama tana yi masa faɗa wai ya zama malalaci. Mun yi kusan shekara kafin wani likita ya ce mana cutar mantuwa ce. Da aka karɓe makullan, sai na tattaro tsofaffi marasa amfani na zura masa a igiyar. Ya shafa su ɗaya bayan ɗaya ya ce "ba na kowa ba ne", ya ajiye.

Ma'aikaciyar jinya:
Wannan shi ne abin da nake so duk mai ɗan'uwa irin Kawu ya sani. Ƙwayar gadon da ke haɗa sinadarin da yake taruwa a ƙwaƙwalwar masu cutar mantuwa ta Alzaima, a kan kuromosom na 21 take zaune. Mai uku yana tara sinadarin da wuri, shi ya sa cutar take kama su tun suna shekara hamsin da wani abu, wasu ma kafin nan. Kuma sau da yawa ba da mantuwa take fara bayyana ba. Canjin hali ake fara gani: mutum ya janye daga jama'a, ya kasa aikin da ya saba, ya riƙa fushi ba dalili, wani ma farfaɗiya ta same shi alhali bai taɓa yi ba. Sai a ce taurin kai ne, ko a ce ai dama haka yake.

Amma kar a yanke hukunci a gida. Raunin halittar nan ta wuya da ake kira tayirod, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo, ya yi yawa a cikinsu, kuma yana sa kasala da mantuwa, gwajin jini ne ke nuna shi, ƙwaya kuma tana gyara shi. Haka raunin ji, da yanar ido, da ciwon damuwa, da ɗaukewar numfashi cikin barci. Duk suna kama da cutar mantuwa, duk kuma ana maganinsu. In babba mai wannan lalura ya canza, a kai shi a duba, a kuma tafi da wanda ya san yadda yake a da, don likita bai san cewa mutumin nan yana gane makulli talatin a duhu ba.

Alhaji, ba ka sani ba ne. Ni da nake aikin ma na gan shi a lokacin, na gaishe shi na wuce.

Ɗan baffansa:
Ni abin da ke damuna daban ne, kuma na san wasu a dangi ba za su so in faɗa ba. Yaya ya so aure. Yana da kamar shekara talatin ya zo ya same ni, ya ambaci wata baiwar Allah da suke gaisawa, ya ce in yi wa Baba magana. Na kai maganar, aka yi dariya aka tashi. Ba a ce masa e ba, ba a ce masa a'a ba. Ya yi shekaru yana tambayata "me Baba ya ce?"

Dattijon layi:
Ɗana, a nan kam ba zan bi ka ba. Aure nauyi ne. Wa zai riƙe gidan? Ita yarinyar fa, an tambaye ta? Mahaifinsa abokina ne, na san ya kwana yana tunanin abin, ba dariya kawai ya yi ba.

Ɗan baffansa:
Baba, ban ce lallai a yi ba. Wataƙila da an zauna an duba, a'a ɗin ce za ta fito, wataƙila ita ma ba ta so. Amma ya cancanci a zaunar da shi a ba shi amsa kamar kowane namiji da ya kawo irin wannan maganar. Akwai masu lalurarsa da suka yi aure da taimakon dangi, akwai waɗanda bai yiwu ba. Shi ba a ma kai ga dubawa ba.

Dattijon layi:
Amsa kam ya cancanta. A kan wannan na yarda. A kan auren kuwa ina nan a kan bakana.

Maman ƙaramin yaro:
Ban san Kawu ba, wata ƙawata ce ta sa ni a nan. Ɗana shekararsa uku, lalurarsu ɗaya. Na karanta komai ina kuka. Abin da ke hana ni barci shi ne wa zai riƙe shi in na mutu.

Ƙanwarsa:
'Yar'uwa, wannan tambayar Mama ta yi ta shekara hamsin, ga shi ita ce ta rufe masa ido. Ba ni da amsar da za ta sa ki barci, sai abin da na gani. Mama ba ta ɓoye shi a ɗaki ba, duk da an ba ta shawarar haka. Ta fitar da shi, ta koya masa wanka da wanki da gaisuwa, abin da wani yaro zai koya a mako shi ya ɗauki wata shida, ta jure. Ranar da ya ɓata yana ɗan shekara 15, mutanen da suka san fuskarsa ne suka dawo da shi kafin magariba. Kuskurenmu kuma kin karanta shi a sama. Ki fara tambayarsa tun yanzu, ko da wace riga yake so ne. Ki kai shi a duba zuciyarsa da jinsa in ba a yi ba. Kuma kar ki ɗora wa 'yan'uwansa shi a matsayin kaya, ki bar su su yi faɗa su shirya kamar kowa. Ki turo mini saƙo ta gefe, in haɗa ki da Mama, ta fi ni sani.

Tsohuwar ɗaliba:
Hajiya, yaya jikin Maman? Muna so mu zo amma muna tsoron tayar mata da hankali.

Ƙanwarsa:
Ku zo. Har yanzu tana farkawa ƙarfe shida ta ɗauko masa riga kafin ta tuna. Masu zuwa suna ta ce mata ta huta yanzu, an sauke mata nauyi, ita kuma ba abin da take son ji ke nan ba. So take a zauna a ba ta labarinsa. Jiya na tuna mata rikicin rediyo, ta yi dariya har da hawaye, karo na farko tun ranar. Igiyar tana wajenta. Akwai makullai huɗu na gaske da suka rage a jiki waɗanda ba mu san masu su ba, in akwai wanda bai karɓi nasa ba.

Direba:
Ɗaya nawa ne, na tsohon ɗakina, ƙaramin mai jan zare. Ɗakin ma an rushe shi tuni, bai taɓa yarda ya cire ba. Gobe bayan la'asar ina tafe, in Mama ta yarda a bar shi a jikin igiyar.

Maƙwabcin bango:
Ka biyo ta gidana mu tafi tare, ba na jin zan iya shiga ni kaɗai.